Jar Hular Kyamara

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta da kyau, amma kada ki ce mata na rubuto. Na san za ki yi dariya, ki ce wa ke wasiƙa a wannan zamani. To, duk sanda na kira ki tana gefenki, kuma kin san kunnen Inna bai tsufa ba.

Kin tuna tsohuwar kyamarata ta fim, wadda kike cewa na fi ji da ita a kan uwar yarana? Har yau ita ke ci da mu, don masu son hoton fim ba su ƙare ba. Maɓallin ɗaukarta ɗan mitsitsi ne, da rami a tsakiya. Kwanakin baya na ga ba na samun sa sai na laluba, na ce tsufa ne ya kama ta. Wani mai kayan waya a bakin titinmu ya nuna mini wata 'yar hula ja ta ƙarfe, mai faɗi, da ake murɗawa cikin ramin don yatsa ya sami wurin zama. Ba ta kamfanin kyamarar ba ce, amma ta zauna daram, har abokan sana'a na tsokana ta wai na yi wa tsohuwa kwalliya.

Sai aka kira ni yaye ɗalibai a wata makarantar koyon ɗinki. Aikin kin san shi: in danna, in ji ƙyas, in sauke kyamara, in ja fim da babban yatsa. Ranar ina ja sai in ji wani ƙyas ɗin da ban nema ba. Hayaniya ta yi yawa, na ce kunnena ne. Da aka wanke fim, Yaya, rabinsa takalman mata ne da ƙafafun kekunan ɗinki da daɓe. Fim ya ƙare ban sani ba, hoton taron gaba ɗaya babu shi. Kunya kamar in nutse.

Mai wankin hoto ya ce abin ba baƙo ba ne. Idan maɓalli ya sauka bai dawo ba, kana jan fim kyamara za ta ɗauka da kanta, kuma wai hulunan nan sun saba jawo haka. Na gyaɗa masa kai na fito. A hanya sai na tuna cewa abu biyu ke hana maɓalli dawowa: ko ya maƙale, ko yatsan da ke kansa bai ɗaga ba.

Ke ce kika ɓamɓare yatsun Baba daga hannun kofi ranar da abin ya fara masa, muna ta dariya wai ya ƙi ba da kofi. Kin san inda dariyar ta ƙare, kin san shekarun da ya yi a kwance. Manuniyata ta dama tana yi mini wani nauyi da safe, kamar na kwana a kanta. Wallahi tsoro nake ji. Ban gaya wa kowa ba, har uwar yaran.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Mai Hoto

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Amsarki ta iso, kuma na sha faɗa har na ƙoshi. Asibiti, asibiti, kamar ba ki san wata kalma ba! To ki kwantar da hankalinki, albishir na kawo.

Na kai kyamarar wurin wani tsoho mai gyaran agogo da kyamarori, a wani ɗan shago bayan tasha da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Tunda nake ban taɓa roƙon Allah Ya sa kayana ya lalace ba sai ranar. Ya maƙala gilashi a ido, ya danna hular ta tsakiya, ta dawo. Ya sake dannawa, ta dawo. Sai ya danna ta gefe, ta zauna a ƙasa shiru! Saura kaɗan in rungume tsohon nan.

Ya kwance ta ya nuna mini. Ƙafarta mai murɗi ta lanƙwashe, wai ƙila jaka ce ta bugu da wani abu, shi ne take karkata maɓallin yana gogar gefen raminsa. Na ga kurjewar da idona, ƙarfen ya yi fari. Ya share wurin, ya yi ta dannawa, lafiya lau. Ya yi mini faɗa sosai, wai duk mai ɗora wa kyamara abin da ba a haife ta da shi ba, wahala yake nema. Faɗan nan ya fi mini zuma daɗi. Ya miƙo mini in gwada a gabansa, na ce sauri nake, na cusa ta a jaka.

Hular kuwa na wurga ta a kwata. Shugabar makarantar ma mutuniyar kirki ce, ta ce za ta sake tara ɗaliban in ɗauka. Kin ga ashe banza na tayar miki da hankali. Ki gaida Inna, yanzu kam kina iya ce mata na rubuto.

Naki,
Mai Hoto

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma da sauƙi.

Jiya na koma makarantar. Matan sun sake yin ado, sun jeru kan benci, kowace da takardar shaidarta a ƙirji. Babu hula, maɓalli sumul. Na yi bisimilla na danna, na ji ƙyas. Na sauke kyamara na ja fim, sai na sake jin ƙyas.

Na dubi hannuna. Yatsan na nan kan maɓallin, ya danne shi har farcen ya yi fari, ni kuwa a raina na daɗe da ɗaga shi. Na ce masa ya tashi, Yaya, kamar yadda ake yi wa yaro magana. Bai ji ba. Ana kallona, wata na tambaya ko an gama ta daina murmushi. Na sa hannun hagu na ɗaga shi, na ce musu kyamarar ce ke da rigima, suka yi dariya. Haka na ƙarasa aikin, dama na dannawa hagu na ɗagawa, gumi na zuba cikin idona.

Tsohon bai yi ƙarya ba, hular ta lanƙwashe. Amma me ya sa na saye ta tun farko? Kyamarar nan tun ina saurayi nake danna ta ido rufe. Maɓallin bai ƙanƙance ba, ni ne na daina jin sa.

Ina dawowa na gaya wa uwar yaran. Ba ta yi kuka a gabana ba, ta shiga kicin ta buɗe famfo. Yanzu na yarda da asibitin, amma ba zan iya shiga ɗakin likita ba sai da ke, ke da kika ga farkon na Baba kika san abin da za a faɗa masa. Don Allah ki taho cikin makon nan. Ki ce wa Inna kin zo ganin yara.

Kada rubutun nan ya ruɗa ki, na ƙanwarki ne, uwar yaran, ni faɗa kawai nake tana rubutawa. Da safe na ɗauki biro na rubuta sallama, da na zo ajiye shi sai da ta zare mini shi daga hannu. Ban da sallamar, sa hannun nan na ƙasa kaɗai ne nawa, da hagu na yi.

Ƙaninki,
Mai Hoto