Kada Ka Sayar da Garejin Baba

Zuwa ga ƙanina, Autan Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu ma lafiya lau, sai dai ƙafar uwar yara da ke tashi lokaci-lokaci.

Auta, maganar da zan yi maka ba ta da daɗi, kuma laifina ne. Ka tuna bara da kuɗin ƙasar nan ya yi ƙarfi, na dinga cika baki, na ce ka sayar da garejin Baba ka taho in sama maka aiki a masana'antarmu, a layinmu na ɗaura ƙofofin mota? To, murna ta koma ciki. Ƙarfin kuɗin nan shi ya sa motarmu mai lantarki ta yi wa mutanen waje tsada. Ko ƙusa ɗaya ba a ƙara mata ba, amma a can farashinta ya haura har suka koma sayen ta wasu. Yanzu filin bayan masana'anta cike yake da sababbin motoci, tsuntsaye suna ta kashi a kan gilasansu.

Ranar Litinin manaja ya tara mu a ɗakin cin abinci, ya ce za a kwashe layinmu zuwa ƙasar da kuɗinta bai yi nauyi ba, inda haɗa mota ya fi araha. Wai aikinmu ba shi da aibu. Wallahi da ma ya ce mun yi laifi, da na san abin da zan gyara! Abokin aikina Dogo ya tambaya ko za a dawo in kuɗin ya sauka, ya ce injin da ya hau jirgin ruwa ba ya komowa.

Shekara goma sha tara ina tsaye gaban injin ɗaura ƙofar nan, kuma ni aka ba aikin kwance shi. Yana da wani hali: in ba ka ɗan danna hannunsa hagu ba, ƙofa takan zauna a karkace, iska ta riƙa shiga. Babu wannan a littafi. Sai na rubuta a takarda na liƙa masa, don kada a zagi wanda zai gaje ni. Dogo ya ce wautata ba ta da magani, ana korata ina ba da satar amsa.

Shekaruna hamsin da uku, Auta, wa zai ɗauke ni? Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In ba ka sa hannu a takardar ciniki ba tukuna, don Allah kada ka sa, ka kuma bar mini bencin Baba na bakin ƙofa. In kuwa ka riga ka sa, ka yafe mini, Inna kuma ni zan faɗa mata da bakina.

Ka gaida Inna, da Goggo, da Kawu Tela, da matarka da yara.

Ni ne yayanka,
Babban Yaya