Baturan Da Ba Za Su Kai Ƙarshen Jarrabawa Ba

Daga: Malamar Fiziks, Ajin Ƙarshe
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwa ta Makaranta
14 ga Mayu

Game da: Baturan ɗakin kwamfuta da wanda ya haɗa su

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi kamar haka.

1. A watan jiya aka ba ƙanin matar Shugaban Makaranta, wanda muke kira Injiniya saboda ladabi, aikin haɗa baturan da za su riƙe kwamfutoci idan an ɗauke wuta lokacin jarrabawar ƙarshe. Gwajin da ya yi a gabanmu shi ne goga wayoyin batir biyu da juna. Da tartsatsi ya tashi, sai ya ce baturan za su wuni. Har tafi aka yi masa.

2. Ranka ya daɗe, tartsatsi ba ya faɗin awa nawa batir zai yi. Baturan biyu ne, kowanne bolt 12, amfiya-awa 100. A ninka, a haɗa, wat-awa 2,400 ke nan. Kwamfutoci talatin, kowacce tana cin wat 40, jimla 1,200. A raba, awa biyu, tun kafin inbata, na'urar da ke juya wutar batir, ta ci rabonta. Jarrabawar kuwa awa uku ce. Wannan lissafin, ɗalibina da ya fi kowa barci a aji ma ya yi shi daidai.

3. Da na nuna wa Injiniya, ya ce shi da hannu yake aiki, ba da alli ba, kuma na cika ƙwaƙwa. Shugaban Makaranta ya shawarce ni in tsaya a kan darasina. To, ai darasin nawa ke nan.

4. Ranar 9 ga Mayu aka yi jarrabawar gwaji babu wuta. Kafin awa biyu kwamfutocin suka mutu gaba ɗaya, amsoshin yara suka tafi. Wata yarinya ta kifa kai a tebur tana kuka. Bayanin Injiniya shi ne yara sun cika danna madannai da ƙarfi. Wallahi kunya ta kama ni a madadinsa.

Jarrabawar gaske ranar 23 ga wata ce, kuma wanda ya rasa ta sai baɗi. Don haka ina roƙon a ƙara batura biyu aƙalla, a gwada su da kwamfutocin duka a kunne, a gabanka.

Idan hakan ya gagara saboda surukuta, ina roƙon a ajiye wa Injiniya kujera a ƙofar ɗakin ranar jarrabawa. Iyayen yara talatin za su jira a waje. Shi zai fita ya yi musu bayani, don ni na riga na koya wa 'ya'yansu lissafin, sun san ƙarfe nawa kwamfutocin za su mutu.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Malamar Fiziks