Rigarka ta isa Kano, Yaya Sanusi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan ƙasar da kake kwance a cikinta ta fi yi maka sauƙi a kan lokacin da kake tafiya a bayanta. Ni ne Habu, ƙaninka da ka bari a Dubai. Ka san ban yi nisa a boko ba, ka yi haƙuri da rubutun.

Rigarka ta isa gida. Labarin da zan ba ka ke nan, kuma ba mai daɗi ba ne.

Tun da korona ta ɗauke ka, muka binne ka a bayan gari mu 'yan tsiraru, zuciyar Umma ta ƙi yarda. Ba ta ga makara ba, ba ta ga likkafani ba. Da muka yi waya abu ɗaya ta roƙa: shuɗiyar rigar nan da kake sawa in kana ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar, kuma kada a wanke. Warin ɗanta take so ta shaƙa.

Lokacin jirgin sama ba ya tashi zuwa gida, sai ta ruwa. Na ninke ta yadda ka cire ta, na kai ofishin kago ɗin da ka yi wa aiki shekara da shekaru. Na yi wa oga bayani dalla-dalla, ya ce khalas habibi, an gama. To kai ka fi kowa sanin yadda ake cika kwantena. Ba a barin rami. Duk ƙaramin ƙunshi cusa shi ake yi inda ya shiga, don kada manyan kwalaye su yi motsi a teku. Da rigarka aka yi ciko tsakanin kwalayen turaren wata Hajiya. Wata da watanni tana cikin ƙarfe, rana na gasa shi tun daga tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali har Legas.

Umma ta kwance ƙunshin, ta kai rigar hanci, ta ajiye. Ta ce, "Wannan ba Sanusi ba ne, ƙamshin kasuwa ne."

Na koma wajen oga. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai kaya sun isa lafiya, ba abin da ya fashe. Gaskiyarsa, Yaya. A garin nan abin da bai fashe ba bai lalace ba.

Ka tuna ranar da na sauka? Ka sa ni a abra, ɗan kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane a bakin ruwan Deira. Ka nuna min jiragen katako ana loda musu firji da taya da buhunan shinkafa. Ka ce kafin mai, kafin benayen nan, nutso mutanen garin suke yi neman lu'ulu'u, wasu su fito, wasu ruwa ya riƙe. Ka ce, "Habu, garin nan tasha ce, ba mai zama." Na ce to kai da ka kusa tsufa a ciki fa? Ka ce motarka ce ba ta cika ba.

Na zauna na lura bayanka. Zinariyar da ake rububi ba a nan aka haƙo ta ba, atamfar ba a nan aka buga ta ba. Har turaren da suke taƙama da shi icen wata ƙasa ne. Abin da garin ya mallaka hanya ce, sai gadon bayan irinmu, na Kano da na Pakistan da na Indiya. A ɗakinmu na unguwar Karama, katifarka ba ta huce ba aka kawo wani ɗan Bangladesh. Ban ga laifinsa ba, yaro ne mai ladabi. Shi ma cusa shi aka yi inda ya shiga.

Abu ɗaya ya rage, hularka, wadda bakinta ya yi baƙi da gumi. A ƙusa na same ta ranar da ake kwashe kayanka. Na sa ta a leda, na ɗaure, na ƙara wata ledar, na naɗe da salatif irin naɗin da ka koya min. Ba zan ba kowa ita ba, ko alhajin da zai rantse da Alƙur'ani. Da hannuna zan kai.

Ka san me hakan yake nufi. Yanzu sun daina sabunta wa 'yan Najeriya biza, in na fita na fita ke nan. Ba sauran mai zuwa kabarinka ranar Juma'a. Na daɗe ina juya abin a raina, Yayana. Amma kai ka riga ka huta, ita kuwa tana zaune a tsakar gida tana jira. Ka yafe min tafiyar.

Ledar tana cikin jakata. Sau da yawa na kai hannu zan buɗe, sai in fasa, kada in shaƙe wa Umma rabonta.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa mala'ikun rahama su zame maka 'yan'uwa a inda ba ka da kowa. Ya sanyaya zuciyar Umma, Ya haɗa fuskokinmu a inda ba a korar baƙo. Amin.

Ƙaninka har abada,
Habu