Tukunyar Lalla Freha

Kazablanka, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yar'uwata Perla Assulin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya maigida da yara? Yaya uwarmu Lalla Freha? Ki sumbaci hannunta a madadina, ki ce Larbi ɗan mai tanderu yana gaishe ta.

Bayan haka, albishirinki! Fim ɗin barkwancin nan da na shekara biyar ina cika miki kunne da shi ya kammala. Unguwarmu ce ta garin Safru sak, Musulmi da Yahudawa, katanga ɗaya. Ga faifan na haɗo miki kafin a fara haska shi wata mai zuwa.

Ki jira wajen tukunya, wallahi sai kin riƙe ciki. Kin tuna yadda duk Juma'a kuke kawo dafina, dahuwar nan taku ta nama da ƙwai, tanderun babana, an liƙe murfin da ƙullu, ta kwana a garwashi, tunda ku Yahudawa ba ku hura wuta ranar Asabar? Kin tuna shekarar da Lalla Freha ta tasa babana Allal a gaba? Duk Asabar sai ta juya tukunya, ta ga ƙullun ya tsage, ta ɗora hannu a ka: "Wayyo ni! An buɗe, ta haramta gare mu! Allal, ka kashe ni! Riƙe abarka, ka ba karnuka!" To haka na sa shi. Na dai ƙara mata ƙiba da ɗan gashin baki, sana'ar ce ta gaji haka. Ranar da muka gwada, mai ɗaukar hoto sai da ya faɗo daga kujera.

Ki nuna mata, na san za ta sha dariya.

Naki har kullum,
Larbi

Marsai, Faransa, 19 ga Maris

Malam Larbi,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, mun gode Allah. Faifai ya iso. Ni kaɗai na kalla, kuma gara da aka yi haka.

Ka iya sana'arka, ban hana ka ba. Inda liman da malaminmu na Yahudawa suke rigima a kan akuya ya ba ni dariya. Amma bari in tambaye ka: karnuka nawa ne a gidanku? Ni dai ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Yara takwas na sani.

Shekarar fari ce, ko ka manta? Ba mai alkamar da zai kai gashi, tanderun babanka ba abin da yake gani sai tukwanenmu. Sau biyu Mama tana aika muku da kwano, Ba Allal yana mayarwa, yana cewa gidansa ba a bara. Shi ne ta sake dabara. Ranar Juma'a, kafin mu sha kwanar tanderu, sai ta tsaya ta danna babban yatsanta a ƙullun ta baya, ni ina kare ta da mayafi. Zafi ne yake ƙarasa tsagawar. Ihun kuma don unguwa ta ji ne, kada wani ya ce mai tanderu ya ci sadaka.

Asabar goma sha ɗaya aka yi haka. Mu koma gida mu ci busasshen burodi da zaitun, ƙanina Hayim yana kuka yana neman ƙwansa. Ƙwan yana wajenka, Larbi.

Mama ta ji labarin fim ɗin a bakin matar Hayim. Shekararta tamanin da takwas, kullum sai ta ce, "Ina fim ɗin ɗan Allal?" Faɗa mini abin da zan ce mata.

Ka huta lafiya.
Perla

Kazablanka, 2 ga Afrilu

'Yar'uwata Perla,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa. Sau huɗu ina fara wannan wasiƙa ina yagawa.

Kunya ta kashe ni. Shekara sittin da biyu gare ni, ina taƙamar na fi kowa lura da mutane, ashe ban ga abin da ke cikin kwanon gabana ba. Yanzu nake tunawa. Idan muna cin dafinar nan muna kwaikwayon ihun Lalla Freha, mahaifiyata ba ta taɓa ko murmushi ba. Rabawa take yi kanta a sunkuye. Wata rana ma ta kwaɗa mini cokali a hannu, na ɗauka don na kai wa nama wawura ne. Ashe ta sani. Babana kuwa har ya koma ga Allah yana rantsuwa bai taɓa murfin kowa ba, yana cewa matar nan ta ɓata masa suna.

Gashin bakin nan, Perla, ni na zaɓo shi da hannuna, cikin guda uku. Na ce a kawo wanda ya fi muni.

Don Allah kada ki nuna mata. Na dakatar da haskawa, abokan aikina suna cewa na haukace, su ce. Zan sake ɗaukar wajen. Zan nuna yatsan, zan nuna ku da busasshen burodi, Maroko duka ta san wace ce Lalla Freha. In na gama ni da kaina zan kawo, in durƙusa a gabanta.

Wanda ya yi laifi,
Larbi

Marsai, 15 ga Afrilu

Larbi,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta makara, jikokin Hayim sun riga sun kunna mata.

Ta kalla har ƙarshe. Ta ce matar da ta fito a matsayinta ba ta iya ihu ba. Na karanta mata abin da kake shirin yi, sai ta ce, "Allal ya taɓa ganewa?" Na ce a'a. Ta ce alhamdu lillahi.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ki ce wa yaron nan kada ya taɓa komai. Shekara hamsin ina rufa wa ubansa asiri, shi ne zai tona shi a majigi don ya samu barci? A bar su su yi mini dariya."

Muna gaida iyali.
Perla