Kan Yumɓu na Baban Peculiar

Zuru, ranar Talata

Baban Destiny,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya ƙafar nan taka? Mu duk lafiya, Destiny na gaishe ka. Tunda waya ba ta shiga inda aka kai ku, na ba abokin aikinka Markus wannan ya kawo maka.

Makarantarmu ba daɗi. An rage kuɗin da ake ba mu, shugaba ya ce dole a ajiye wani darasi, kuma idon kowa na kan nawa na zane da ginin yumɓu. Wai ɗakina ya fi dacewa da sito. Ran Asabar iyaye za su zauna su yanke hukunci.

Ka san ni da taurin kai. Na ce ba zan yi dogon surutu ba, aikin yara zan jera a gabansu. Mun gina tukwane da tsuntsaye, mun shafa musu jar ƙasa, mun goge da dutse yadda kakata ta garin Manga take yi, har suna ƙyalli. Suna shan iska a inuwa, jibi mu gasa su da kara.

Ka tuna Peculiar, 'yar marigayi Philemon na bataliyarku? Hotunansa sun tafi tare da wayarsa. Yarinyar nan ta zauna ta gina siffar kansa da yumɓu yadda take tuna shi, har da tabon goshinsa. Da na gani sai da na nemi kujera. Uwarta Rachel ba ta gani ba tukuna, sai ran Asabar.

Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Dinah


Zuru, ranar Litinin

Baban Destiny,

Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci. Ni dai jikina lafiya, zuciyata ce babu daɗi.

Ran Laraba da yamma, bayan na tashi, aka kawo sababbin kujeru ɗakina, leburori suka kwashe kayanmu zuwa gindin mangwaro don su sami wuri. Ban ga laifinsu ba. Sun ga abu ja yana ƙyalli, suka ɗauka gasasshe ne. Sai ga ruwan farko kamar da bakin ƙwarya. Da safe tudun laka na tarar. Na yi kuka a gaban ɗalibaina, ban ma ji kunya ba. Da ma na bar su da launin ƙasarsu, da kowa ya gane ɗanyu ne.

A taron na yi magana iya ƙarfina, amma hannuna ba komai. An rufe darasin, an mai da ni koyar da lissafi a aji ɗaya.

Rachel ta zo taron ɗaure da zanen cocinta. Ta tambayi inda fuskar mijinta take, na nuna mata lakar. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗebi abin da ta iya, ta tafi da shi.

Jiya Peculiar ta zo gidanmu. Ta jiƙa lakar ta sake ginawa, amma ta ce hancin ya ƙi fitowa, wai ta fara manta yadda yake. Ta roƙi in gyara mata. Ni sau ɗaya na taɓa ganinsa, me zan gyara?

Don Allah ka tambayi abokan aikinku ko akwai mai hotonsa, ko na taro ne. Kai ma ka ɗauki naka ka ba Markus, saboda Destiny.

Allah ya tsare mini kai.

Taka,
Dinah