Kada Iskata Ta Danne Taki

Zuwa ga Raudatu, sanyin idona, ruwan farkon damina a gonar da ta gaji da jira, inuwar tsamiyata da tsakar rana!

Gaisuwa daga Dandume. Tun da muka rabu abinci ya ƙi shiga, har Inna ta fara tambaya ko sammu aka yi mini. Da wane baki zan ce mata taurari ne?

Kin tuna la'asar ɗin nan a masussukar garin Ƙarfi, mata na sheƙar dawa, kika tsinci kara kika zana mini da'ira biyu a ƙasa? Kika ce binciken da kike yi a jami'a a Zariya ke nan: manyan taurari biyu, kowanne ya ninka rana nauyi, suna zagaya juna, kowanne na feso iska mai gudun da hankali ba ya ɗauka. Inda iskokin suka yi karo, zafi ya kai har wurin ya fitar da hasken da ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, har da wanda ya fi shi ƙarfi. Ni kuwa gogan naki sai washe baki nake, na ɗauka kirarin soyayyarmu kike yi!

Sai kika ƙara abin da ya hana ni sukuni. Kika ce wani lokaci in sun matso kusa sosai, iskar ɗayan takan danne ta ɗan'uwansa, hasken nan ya dushe. Kina kallona kika faɗa, ko murmushi babu.

Wayyo Raudatu! Ni ne mai danniyar? Na san wadda kike gani in kin dube ni: yayarki Suwaiba, wadda ta fi kowa ƙwaƙwalwa a makarantarsu a Malumfashi. An yi alkawari za ta ci gaba bayan biki. Yau gara ce ke karanta littattafanta. Abin da ke tsinka mini zuciya shi ne mijinta ba mugu ba ne. Shi ma ya rantse, irin rantsuwar da ke bakina yanzu. To da me zan bambanta da shi? Ina tsoron rasa ki, ina kuma tsoron in same ki in kashe abin da nake so a cikinki.

Juma'ar nan Kawu Maiwada zai kai wa Babanki goron sa rana. Jiya na je na durƙusa na roƙe shi ya dakata. Ya yi salati, ya yi mini tatas, ya ce tun da yake bai taɓa ganin ango ya tare hanyar goronsa ba. Na shanye.

Ba wanda zai taka ƙofar gidanku sai ranar da ke da bakinki kika ce su zo. Ki gama karatunki, ki ƙara wani in kina so. Na san Zariya cike take da masu jin yaren taurarinki, ni kuwa masara na sani. Wataƙila da hannuna na buɗe musu ƙofa. Wallahi tsoro nake ji, Raudatu, amma ba zan janye ba.

Naki, ko kin kira ko ba ki kira ba,
Saminu