Tsayuwarki a Bangon Kawu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma na ga wani abu da safiyar Talatar nan, kuma ba wanda nake son in fara faɗa wa sai ke.

Na fito buɗe rumfar faci, ko injin iska ban tayar ba, sai na hango yayanki, Kawu Sale, riƙe da bokitin farin fenti da burushi. Bangon da na jingina rumfata nasa ne, kuma a jikinsa na zana jarumina. Tun makon jiya ya aiko cewa ba ya son hoton aljanu a gidansa, zai shafe.

Kin san ni da zanen nan, tun ina tsintar kwali a shaguna ina kwaikwayon jaruman fim ɗin Turawa, masu rufe fuska, mayafi na kaɗawa a bayansu. Ranar da na nuna miki wanda ya ɗaga mota, kina tsame ƙosai, kika ɗan leƙo kika ce, "Wannan ƙarya yake, bai ɗauki komai ba. Dubi ƙafarsa, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto." Na kumbura, har ƙosan na ƙi ci.

Amma daga ranar na koma kallon ƙafafun mutane. Masu dakon doya a kasuwa, matan Gwari da ke shigowa daga Garam da itace a kafaɗa, masu tura baro a hawa. Na lura yatsu kan baje, gwiwa ɗaya ta ɗan lanƙwashe, kafaɗa ɗaya ta sauka. Yanzu in zan yi zane daga ƙasa nake farawa. In kafa ƙafafu da gawayi, in ja layin baya, in zagaye gaɓoɓi, kai ne na ƙarshe. Na bangon nan na sha goge shi da tsumma kafin in yarda in sa masa ragowar fentin da masu gyaran jikin mota suka ba ni. Fuskarsa a rufe, ya saɓo motar ƴan Abuja cike da fasinja.

Kawu bai ko kalle ni ba. Ya tsoma burushi, ya ɗaga, fenti na ɗiga kan takalminsa, amma bai shafa ba. Ƙasan zanen yake kallo. Can ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Wannan ai tsayuwar Hajara ce."

Inna, wallahi ban yi niyya ba. Na matso na duba. Ƙafar dama a gaba, babban yatsa ya karkace waje, ta hagu ta tokare baya. Haka kike tsayawa a tsakiyar hawan gidanmu in kin ɗauko daron ruwa, ki ja numfashi kafin ki ƙarasa. Ashe duk ƙafafun da na bi ina kallo, naki hannuna ya riƙe. Ke da ba ki taɓa yarda an ɗauke ki hoto ba, ga shi an gane ki ba tare da fuska ba.

Fentin dai bai koma gida ba. Kawu ya bi gefe-gefe yana shafe dattin bangon da ragowar takardun siyasa, a hankali, yana kare ƙafafun da tafin hannunsa kar ɗigo ya taɓa su. Da ya gama, sharaɗi ɗaya ya kafa mini: wandon jarumin ya matse, in sake masa na mutunci. Na ce to. Yau na fara.

Allah ya jiƙanki, Innata. Ya sauke miki duk nauyin da kika ɗauka saboda mu, ya sa Aljanna ce wurin hutawarki.

Na san halinki, za ki ce na ƙara gishiri. To ba ni kaɗai na gani ba. Malam Audu mai shayi yana wurin, har ruwan zafinsa ya tafasa ya zube. Asabe mai itace ma ta sauke kayanta ta tsaya. Ita ce ta ga Kawu yana share ido da hularsa.

Ɗanki mai zane-zane,
Nura Faci, Suleja.